Darasin Girki da Ƙafar Baba

Ba ni na zaɓi ajin abinci da gina jiki ba, lissafi ne ya zaɓa mini. Da muka gama ƙaramar sakandare aka raba mu. Masu ƙoƙari a lissafi aka kai su ajin kimiyya, mu kuwa da sakamakonmu ya fito da jan biro aka tura mu wani ɗaki can ƙarshen makaranta, kusa da famfo, mai risho huɗu da keken ɗinki shida, biyu a ciki ba sa aiki. 'Yan kimiyya suna kiran mu 'yan girki. Na sha kuka ranar, don tun ina firamare nake cewa nas zan zama. Da na koma gidanmu a Ƙofar Wambai na faɗa wa Umma, dariya ta yi, ta ce, "Ikon Allah, yanzu tuwon ma sai an je boko ake iya shi?"

Malamar da ke koya mana abinci da ɗinki 'yar Kudu ce, Kirista, mijinta soja, suna zaune a barikin Shadawanka. Doguwa ce, ba ta da yawan fara'a, kullum da tef ɗin awo rataye a wuyanta ko da ranar ba ta ɗinki ba ce. Ta daɗe a Bauchi, tana jin Hausa sarai, sai dai kowa a bakinta namiji ne. "Kai yarinya, zo nan," haka take kiran mu. Da farko muna ƙunshe dariya, daga baya kunnenmu ya saba. Da Turanci take darasi, amma idan ta ga mun yi tsuru-tsuru sai ta juya harshe ta maimaita da Hausa.

Ashe ba girki kaɗai ba ne. Ta koya mana abin da yaron da aka yaye yake bukata, da abin da mai ciki za ta ci, da dalilin da ya sa ba a dafa ganye har ya mutu a tukunya. Ni dai haddacewa nake yi don jarrabawa, zuciyata tana can ajin kimiyya.

A shekara ta biyu, cikin tsananin zafin bazara, saura kamar wata guda a fara azumi, muka iso babin abincin marasa lafiya. Malama ta rubuta ciwon suga a allo, ta shiga jero alamominsa a ƙasa. Ƙishirwar da ba ta yankewa. Yawan fitsari. Rama alhali mutum yana cin abinci. Gani dishi-dishi. Ciwon da ya ƙi warkewa. Ina cikin kwafa a littafina sai biro ya tsaya a hannuna, domin kowane layi na karanta Baba nake gani.

Baba yana da shago a Gwallaga, yana sayar da kayan teloli, su zare da allura da zif da maɓallai. Mutum ne mai jiki, mai son daɗin baki. Da safe masa ce da suga barbaɗe a kai, da shayi mai kauri, da rana kuma sai ya sha lemon kwalba mai sanyi kafin abinci ya wuce masa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. A watannin nan rigunansa sun fara yi masa yawa a kafaɗa. Ni ke cika masa buta da kofin ruwansa, na kuma san yadda aikin ya ninka. Da can yakan zura zare a allura sau ɗaya yana hira, har yana yi wa matasan teloli tsiya, yanzu sai ya miƙo mini ya ce hasken ɗakin ne ba shi da kyau. Sannan ga ƙafarsa. Salansar acaɓa ta ƙone shi a saman idon sawu, an fi wata guda, wurin bai bushe ba, sai ma faɗi da yake ƙarawa.

Kowa a gida yana da bayaninsa. Umma ta ce zafi ne, wa ba ya shan ruwa a wannan rana ta Bauchi? Maƙwabciyarmu ta ce shawara ce ta kama shi, ta aiko da jiƙo, aka ce a riƙa zuba zuma don ɗacin. Shi kuma ya ce tsufa ne ke sallama.

Da yamma na sami Umma a kicin tana tankaɗe. Na tsuguna kusa da ita, na rage murya, na ce, "Umma, ina jin Baba ciwon suga ne da shi."

Ta ajiye rariya ta dube ni. "Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Daga koyon girki kin zama likita?"

"A allo aka rubuta mana alamomin, duk yana da su."

"Ki rufa mini baki. Kada na ƙara jin kin yi wa ubanki mugun fata."

Na tashi na bar mata kicin ɗin. Yanzu da na girma na gane tsoro ne ya sa ta faɗa, amma a lokacin haushi na ji. Zuwa wurin Baba kai tsaye kuwa bai ma zo mini a rai ba. Ta ina 'ya mace za ta fara yi wa mahaifinta zancen fitsarinsa? Sati guda na yi da abin a cikina. Duk safiya idan na durƙusa gaishe shi sai idona ya sauka kan ƙyallen da ya ɗaure ƙafar da shi.

Ranar ɗinki aka ba mu hannun riga mu haɗa. Na ɗinka nawa a bai-bai, na farke, na sake ɗinka shi a bai-bai. Da aka kaɗa ƙararrawa kowa ya fita, Malama ta ce na tsaya.

"Kai yarinya, me ya same ka? Jikinka yana nan, hankalinka ba ya nan."

Ban yi niyyar faɗa ba, amma da na buɗe baki sai komai ya zubo, har da hawaye. Ba ta katse ni ba. Da na kai kan ƙunar sai ta ɗaga hannu.

"Ciwon yana wari?"

"Ya fara, Malama."

Ta cire tef ɗin daga wuyanta ta naɗe shi a hannu a hankali. Ta ce mahaifiyarta tana zaune tare da su a bariki, ita ma wannan ciwon ne da ita, kuma ba su gane ba sai da aka yanke mata yatsun ƙafa biyu. Ta ce, "Ni ba likita ba ne. Amma babanka ya je asibiti wannan sati. Kada ya kai sati mai zuwa."

Na ce ba zai je ba. A wurin Baba asibiti na wanda aka ɗauka ranga-ranga ne, wanda ke tafiya da ƙafarsa ba shi da abin yi a can. Ta tambaye ni sana'arsa, na faɗa mata. Ta ɗan yi tunani, sannan ta ce, "Ajin nan yana bukatar allura da zare. Asabar zan zo saya. Kai ka jira ni a shago."

Tun daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Na yi ta tunanin na koma na roƙe ta kada ta zo. Ranar Asabar na ce wa Umma ni zan kai wa Baba abincin rana, na hau keken haya mai ƙafa uku zuwa Gwallaga da kular abinci a cinyata. Baba ya yi murnar ganina, ya ce na zauna na huta kafin rana ta yi sanyi. Ban daɗe da zama ba wani keken ya tsaya, Malama ta sauko cikin atamfa da ɗankwali, da jaka a hammata. Ban taɓa ganin ta ba tef a wuya ba, har na so na kasa gane ta.

Na ce, "Baba, malamarmu ce."

Nan da nan ya miƙe, ya ba ta kujerarsa, ya leƙa ya ƙwala wa maƙwabcin shago kira a kawo lemo. Ta ce ta gode, ruwa ya ishe ta. Ta zaɓi zare kala-kala, ta nemi allurar keke mai lamba kaza. Baba ya ɗauko kwalin ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya sake matso da shi, ƙarshe ya miƙo mini ya ce na duba. Malama tana kallon duk wannan. Daga nan idonta ya sauka ƙasa kan ƙafarsa.

Ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, zan faɗa maka gaskiya. Zare na zo saya, amma ba shi kaɗai ya kawo ni ba."

Ta faɗa masa abin da take zato, ba kwana-kwana. Baba bai dube ta ba, ni ya juyo ya duba. Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne.

"Ke ce kika kai zancen gida makaranta?"

Na sunkuyar da kai, ji nake da ma ƙasa ta tsage na shige.

Malama ta ce, "Kada ka yi masa faɗa, Alhaji. Abin da na koya masa ya gani a jikinka, ya ji tsoro. Ni na matsa masa ya faɗa." Ta ba shi labarin mahaifiyarta da yatsun nan biyu. Sannan ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar na'ura kamar ƙaramar waya, wadda suke auna wa tsohuwar suga da ita. Ta ce ɗigon jini ɗaya kawai take so daga yatsansa, idan ba komai ta ba shi haƙuri ta kama hanyarta.

Baba ya dubi na'urar. A waje masu keke suna ta hon, wani tela a shagon gaba yana ta taka kekensa. Can ya ce, "Tunda kin tako ƙafa har nan saboda ni, ba na watsa miki ƙasa a ido ba." Ya miƙa hannu.

Ta sa sabuwar allura ta tsikare shi. Lamba ta fito. Sai ta canja wata allurar ta tsikari nata yatsan, ta nuna masa tata lambar. Tasa ta ninka tata fiye da sau uku. Baba ɗan kasuwa ne, ko bai san komai game da suga ba ya san bambancin lamba da lamba. Ya yi salati a hankali, ya ce, "To." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya naɗe mata kayanta, ya raka ta har bakin titi.

Ranar Lahadi Baba bai sakar mini fuska ba. Na gaishe shi ya ce "lafiya," ya ci gaba da jan carbinsa. Na ji shi da Umma suna magana ƙasa-ƙasa a ɗaki, da ta fito ba ta dube ni ba. Na ɗauka na ɓata tsakanina da iyayena ne a banza. Safiyar Litinin ina ɗaura takalmin makaranta na ga ya fito cikin farar riga da hula, Umma tana bayansa da mayafi. Ba wanda ya ce mini ga inda za su, ni ma ban tambaya ba.

Ban san abin da aka koyar a makaranta ranar ba. Da aka tashi na dawo na tarar da gida a kulle. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce an kwantar da Baba, Umma ta zo ta ɗebi tabarma da filas ta koma. Kalmar kwantarwar nan ta kusa kayar da ni. A unguwarmu idan aka ce an kwantar da dattijo, mutane sukan fara sassauta murya. Ko kayan makaranta ban cire ba na tari keke.

Na sami Umma a barandar ɗakin maza, zaune kan tabarma. Tana hango ni ta miƙe, na tsaya cak ina karantar fuskarta. Ta kamo ni ta rungume, abin da rabonta da yi tun ina ƙarama.

Ta ce, "Likita ya ce an zo a kan gaɓa. Ya ce da an ƙara jinkiri, ƙafar sai dai a yanke. Yanzu za ta warke. Kin ji? Ya ce za ta warke."

Na zauna daɓas a kan siminti. Sai a lokacin na san irin nauyin da na yi kwanaki ina ɗauke da shi. Na yi kuka mai yawa, Umma tana shafa kaina tana cewa, "Ya isa, ya isa, ki yafe mini." Wata mata da ke jinyar mijinta ta matso tana yi mana ta'aziyya, Umma ta ce mata a'a, baiwar Allah, kukan daɗi ne.

Da na shiga, Baba yana kwance ana ƙara masa ruwa, an wanke ƙafar an naɗe ta da farin bandeji. Na tsaya daga nesa na gaishe shi. Ya ce, "Uwata, matso mana." Na matsa. Ya ce, "Likita ya tambaye ni wa ya gano abin nan, na ce masa uwata ce. Ya ɗauka tsohuwa ce a gida, ya ce na gaishe ta da kyau, tsofaffin da akwai basira." Ya yi dariya har gadon yana motsi. Bai ce mini na yi daidai ba, bai kuma sake tayar da zancen shago ba har yau.

Kwana shida ya yi aka sallame shi, da magunguna da wata takarda mai jerin abin da zai ci da wanda zai bari. Umma ta juya takardar gaba da baya ta miƙo mini, ta ce tukunyar Baba ta koma hannuna. Nan na gane haddar jarrabawa daban, girki daban. Tuwon acca na farko da na yi masa, loma ɗaya ya kai ya tsaya, duk tsakuwa ce. Washegari na faɗa wa Malama, ta kawo acca aji ta sa duk muka koyi rege ta a ƙwarya har ruwan ya fita tas. Na koyi dafa wake ba tare da ya dame ba, da kwaɗon zogale, da auna tuwo da ƙaramin kwano maimakon malmala uku da ya saba. Baba yana ci yana mita. Shayi ba suga ya sa masa suna ruwan zafi mai kala. Amma yana ci, ƙishirwar ta ragu, ƙunar ta fara haɗewa daga gefe.

Abin da ya fi yi masa ciwo azumi ne. Likita ya ce bana kada ya yi, jikinsa bai daidaita ba tukuna. Tun yana ɗan shekara goma sha bai taɓa shan azumi ba. Limamin masallacinmu ya zo har gida ya zauna da shi, ya tuna masa cewa Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame. Ya yarda, amma da rana idan na kai masa abinci sai ya ce na ja ƙofar, ba ya son ko mu mu gan shi yana ci. Wata rana na koma ɗaukar kwano na tarar bai taɓa ba, yana zaune ya zuba wa bango ido. Na ɗauke, na ɗumama na sake kawowa. A shekarar da ta biyo baya ne likita ya tsara masa yadda zai yi, ya koma azuminsa.

Da Sallah ta zo, Umma ta ce ba za a yi ba ta je ta ga Malamar nan da idonta ba. Ta soya masar shinkafa mai yawa, ta yi miyar taushe, muka cika kula biyu muka nufi Shadawanka. Umma ba ta taɓa shiga bariki ba. Tun daga nesa da ta hango sojoji a ƙofa ta damƙe hannuna tana karanto addu'o'i. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi wurin wa muka zo, ya leƙa kular, ya ce da Hausarsa ta bariki, "Mama, namu fa?" Umma ta zuba masa guda biyar. Sai da na kira Malama a waya ta fito ta shiga da mu.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, da hoton mijinta cikin kaki a bango. Umma ta shirya maganganu da yawa tun daga gida, amma da suka haɗu sai ta riƙe hannun Malama da hannu biyu tana ta cewa, "Allah ya saka, Allah ya raya zuri'a." Malama ta ce, "Amin, Hajiya. Ɗanka ne ya yi ƙoƙari," tana nuna ni. Umma ta waiga tana neman ɗan, sai da na taɓa ta na ce ni ake nufi.

Tsohuwar, mahaifiyar Malama, tana zaune a kujera da ƙafa a kan matashi. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, Umma kuma ba ta jin yarensu ba ta jin Turanci. Duk da haka suka zauna kusa da juna kusan awa guda. Tsohuwar ta zare safa ta nuna mata ƙafar, Umma ta kama baki, ta nuna nata idon sawun, ta kwatanta faɗin ƙunar Baba da yatsu, sannan ta matse yatsun ta nuna yadda ta ragu. Tsohuwar ta ɗaga hannu sama, Umma ma ta ɗaga.

Da aka buɗe kula, Malama ta ɗauki masa guda ɗaya tak ta sa wa mahaifiyarta a faranti, ta ɗaga mata yatsa ɗaya, ta shiga kicin ɗauko cokula. Ni na bi ta don na taya ta. Bayan nan ba mu daɗe ba muka yi sallama. Wannan ce zuwana gidanta ta farko kuma ta ƙarshe, don kafin mu zana jarrabawar fita aka yi wa mijinta canjin wurin aiki suka bar Bauchi.

A keke muna komawa na ga kafaɗun Umma suna rawa a cikin mayafi. Na tsorata, na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce ta ci ƙarfinta. Da ƙyar ta iya faɗa mini cewa muna shiga kicin tsohuwar ta miƙa hannu ta sure masa biyu ta cusa a ƙarƙashin zaninta, ta dubi Umma ta ɗora yatsa a kan leɓe.

Na ce, "Umma, kuma ba ki faɗa ba? Tana da suga fa!"

Ta ce, "Ranar Sallah zan tona wa tsohuwa asiri a gidan 'yarta? Ke dai ki sa ido a kan ubanki, don wallahi irinsu ɗaya ne." Ta sake fashewa da dariya tana share hawaye da bakin mayafi, har mai keken ya waigo yana tambaya ko lafiya. Ba ta daina ba sai da muka sauka a Ƙofar Wambai.